Jinjina ga Malaman Ribaɗin Wurno

Malaman da suka haɗa ilimi da jagorancin addini sun cancanci jinjina, musamman na Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, wato garin da ake ginawa domin tsaron iyaka da tarbiyyar jama'a. Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta Infaƙul Maisuri kan tarihin jihadi, ya wallafa littattafan magani, kuma ya karɓi littafin Iƙlidisu na lissafin siffofi daga Baturen Birtaniya Clapperton. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo sun raya wannan hidima ta ilimi, wadda makarantun ilimi na yankin suke gadonta har yau.