Tsara Abin da Ɗalibin Jami'a Zai Iya da Yadda Ake Auna Shi

Kowane shirin digiri a Najeriya yana tsaye ne a kan alkawarin da aka rubuta a manhaja, cewa wanda ya kammala zai san kaza, zai iya aikata kaza, zai kuma fito da ɗabi'a kaza. Wannan alkawari shi masana ilimi ke kira sakamakon koyo. Ya sha bamban da jerin darussan da malami zai bi, domin abin da yake dubawa shi ne abin da ya zauna a kan ɗalibi da hannunsa bayan an tashi daga aji. A kwas ɗin kimiyyar ƙasar noma, jerin darussa zai ambaci nau'o'in ƙasa da sinadaranta. Sakamakon koyo kuwa zai ce ɗalibi zai iya ɗibar samfurin ƙasa daga gona, ya auna tsaminta, ya faɗi takin da take buƙata. Lakca kaɗai ta isa a cika na farko, amma na biyu sai an kai ɗalibi gona da ɗakin gwaji.

Garuruwa irin su Falgore da ke ƙaramar hukumar Rogo, a yammacin jihar Kano, suna da ruwa da tsaki a wannan batu, ko da yake babu jami'a a garin. Matasan yankin Rogo da Karaye kan nemi digiri a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ba ta da nisa da su, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma. Masu digirin da ke dawowa yankin, 'yan ƙasa da masu bautar ƙasa, su ne malaman sakandare da malaman gona da ma'aikatan lafiya. A hannunsu mutanen karkara ke ganin ko alkawarin manhaja ya cika.

Auna ɗalibi da abin da ya iya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam ba tuntuɓe, kuma mahaddaci ba ya cika alaramma a idon jama'a sai ya rubuta Alƙur'ani da ka. Adadin shekarun da ya yi a makaranta ba ya shiga lissafi. A ilimin boko an bi wata hanya kafin a iso nan. Ralph Tyler na Amurka ya wallafa ɗan littafinsa kan tsara manhaja a 1949, inda ya ce a fara da tambayar me ake son a cimma, a ƙare da tambayar ta yaya za a san an cimma. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan fahimta guda shida, daga tuna abin da aka karanta, zuwa ganewa, zuwa aiki da shi, har zuwa ƙwanƙwancewa da haɗa sabon abu da yanke hukunci. John Biggs ya ƙara a 1996 cewa dole manufar kwas da salon koyarwa da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya, tunda ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa.

A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke riƙe da ma'auni. An kafa ta a 1962, ta samu dokarta a 1974, sannan doka mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ƙa'idar karatu. Kundin farko ya fito a 1989, aka sake shi a 2007 da sunan BMAS. A watan Disamba na 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabon kundi mai suna CCMAS, wanda ya shafi manyan fannoni 17, kuma a cikinsa an rubuta wa kowane kwas sakamakon koyonsa kafin a jera darussa. Kashi 70 cikin 100 na manhaja hukumar ce ta tsara, aka bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin, tana cewa ya ci iyakar majalisar dattawan jami'a wadda doka ta ɗora wa tsara karatu. Ƙorafin yana da tushe, domin manhajar da aka sauko wa malami da ita daga sama ba kasafai yake ɗaukarta tasa ba.

Duk da haka, kashi 30 ɗin nan fili ne babba ga wanda ya so amfani da shi. Sashe ne ke fara tsara kwas, ya miƙa wa tsangaya, ita kuma ta kai majalisar dattawa. A wannan mataki sashen noma na jami'ar da ke ɗibar ɗalibai daga yammacin Kano zai iya tambayar kansa abin da manomin masara da dawa na Rogo, ko mai noman rani da masunci a gefen madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, ke nema daga mai digiri. Amsar takan zo a fayyace. Ana son ya bambance ɓarnar tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, da ta sauran ƙwari; ya lissafa yawan maganin da za a zuba a tankin feshi na goyo ba tare da an ƙona shuka ba; ya san dabarun rage ƙuduji a gonar dawa; ya kuma iya bayyana duk wannan da Hausar da dattijo zai gane. Irin waɗannan jimloli su ne sakamakon koyo na ƙwarai, saboda kowace tana ɗauke da aikin da za a iya gani a ba shi maki. Jimla irin ta "ɗalibi zai fahimci muhimmancin noma" ba ta aunuwa ta kowace fuska.

Ban da sakamakon koyo, kundin NUC ya ƙayyade nauyin karatu, wanda ake ƙidayawa da ma'aunin kiredit. Kiredit ɗaya yana daidai da awa 15 na lakca a zango, ko awa 45 na aikin gwaji, kuma digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla kiredit 120.

Wajen aunawa ne aka fi samun tazara tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. A bisa al'ada ana ware wa gwaje-gwaje da jinga na cikin zango maki 30 zuwa 40, sauran kuma na jarrabawar ƙarshe ne. Wanda ya ci 70 ko fiye ya samu A, mai daraja 5, kuma matsakaicin 4.50 zuwa sama shi ke ba da digiri mai daraja ta ɗaya. Lissafin a tsare yake, sai dai bai faɗi irin tambayar da ta haifar da makin ba. Malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a aji ɗaya, kuma aka ba shi 'yan makonni ya miƙa sakamako, dole ya karkata ga tambayoyin da ke da saurin dubawa: kawo ma'ana, lissafo, zaɓi amsa. Waɗannan duk a matakin farko na jerin Bloom suke. Ɗalibai kuma sun gane haka, shi ya sa haddar takardun malami da bitar tsofaffin tambayoyi suka zama rabin karatu, tsoron kariyoba, wato maimaita kwas, ya fi kwaɗayin iyawa ƙarfi. Yajin aiki yana ƙara dagula lamarin. Bayan na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da dama sun matse zangunansu don cike giɓi, kuma a irin wannan hali aikin gwaji da fita fili ne ke fara shan wuƙa.

Akwai sassan digiri da aka gina musamman don auna iyawa. Ɗaliban noma suna shekara biyar, ta huɗun kuma a gona ake yin ta. Ɗaliban kimiyya da injiniya suna fita sanin makamar aiki ƙarƙashin shirin SIWES da asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara a 1973, suna cike littafin aikin yau da kullum wanda mai kula da su zai sa wa hannu. Ɗaliban fannin ilimi suna koyarwar gwaji: malamin jami'a ya zo ya zauna a bencin baya da takardar maki, ya duba tsarin darasin da ɗalibi ya rubuta, ya lura da yadda yake amfani da allo, da yadda yake jefa tambaya, da ko na bayan aji suna tare da shi. Wannan shi ne awo mafi kusa da gaskiya a duk shirin, amma ziyara ɗaya ko biyu ba ta isa a yanke hukunci, kuma saboda kuɗin zirga-zirga an fi tura ɗalibai makarantun da ke kusa da jami'a. Wanda aka gwada a cikin birnin Kano ko Samarun Zariya zai iya tsintar kansa a ajin ƙauye inda littafi na Turanci ne, yara kuma Hausa ko Fillanci suke ji, yanayin da ba a taɓa auna shi a kai ba.

Jami'a tana da masu sa mata ido. Ana gayyato malami daga wata jami'a ya duba tambayoyin ajin ƙarshe da takardun amsa da kundin binciken ɗalibai. NUC kuma tana aiko da tawagar tantancewa, al'adar da ta faro a farkon shekarun 1990. Shirin da ya ci kashi 70, tare da cin hakan a manhaja da malamai da gine-gine da laburare, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 ana ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya gaza haka ana hana shi ɗibar sababbin ɗalibai. Tantancewar ta tilasta wa jami'o'i da yawa ɗaukar malamai da sayen kayan aiki. Rauninta shi ne yawancin makin yana kan abin da aka zuba a shirin, kamar yawan farfesoshi da kujeru da littattafai, an kuma daɗe ana kukan cewa wasu sassa kan aro kayan aiki, har da malamai, na kwanakin ziyara kawai. Fannin injiniya ya ɗan yi gaba: hukumar kula da aikin injiniya, COREN, ta koma tantancewa bisa abin da ɗalibai suka iya, kuma a 2023 ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington, wadda ke sa ƙasashe su amince da digirin injiniya na junansu. A ƙarƙashin wannan tsari sai sashe ya nuna wace tambaya ce ta auna wane sakamako, ɗalibai nawa suka kai, da gyaran da aka yi a kan waɗanda suka gaza.

Matakin ƙarshe na aikin, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne bibiyar ɗalibai bayan sun fita. Takardar tantancewa ta NUC ta tanadi ɗan maki ga ra'ayin waɗanda suka ɗauki masu digirin aiki, amma wasiƙun da sassa ke tarawa galibi daga ma'aikatu da kamfanonin birni suke fitowa. Shugaban makarantar sakandare a Falgore ya san ko sabon malamin lissafi yana iya koyar da abin da takardarsa ta ce, shugaban ƙungiyar manoma a Karaye ya san ko shawarar malamin gona ta yi amfani a damina. Sashen da ya tanadi hanyar jin bakinsu a kai a kai, ta takardar tambayoyi ko ta ziyarar malamai lokacin duba ɗaliban koyarwar gwaji, zai samu hujjar da zai gyara kashi 30 ɗinsa da ita a bitar manhaja ta gaba, ya kuma san kwasa-kwasan da ya kamata a sauya musu salon jarrabawa.