Mazaunin Madubi da Amanar Maharbi

Wani sabon al'amari ya shigo wa ma'abota harbi a wannan zamani, wanda na ga ya kamata a tsaya a yi nazarinsa tun bai zama al'ada ba, domin duk wanda ke zama da samarin Zangon Kumasi masu sha'awar farauta, tun daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango, zai ji hirarsu ta tashi daga kan sawun gada da makwancin gyazbi, ta koma kan madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe madubin a bayanta, wato mazauninsa. Wayar hannu ce ta kawo wannan hira, don a cikinta suke kallon maharban Amurka da na Turai suna samun faranti daga nisan mita 800 ko 1,000, a cikinta kuma suka haddace sunayen masana'antu irin su Spuhr ta ƙasar Suwidin, da Nightforce da Badger Ordnance na Amurka, waɗanda mazauni guda nasu kan kai dala 300, wani ma ya haura 400. Sai jama'a ta rabu biyu: dattawa na ganin abin tabziri ne tsantsa, samari kuwa na ganin wanda bai mallaki mai suna ba bai shiga sahun maharba ba. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a tarihin Hausawan wannan gari. Tun a 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, ya zo da su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, suna riƙe da bindigogin Snider, alhali mayaƙan Asante na fama da dogayen adaka masu ƙanƙara, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. A 1900 ma, lokacin da mayaƙan Yaa Asantewaa suka kewaye ganuwar Turawa da ke tsakiyar Kumasi, akwai sojojin Hausawa a cikinta tare da Gwamna Hodgson. Ganuwar tana nan har yau, ta zama gidan tarihin soja, kuma wanda ya shiga zai ga makaman zamunnan da suka shuɗe da idonsa. Ban kawo wannan don alfahari ba, don tarihi ne mai ɗaci ta fuskoki da dama, kuma maƙwabtanmu Asante suna da nasu abin faɗa a kansa. Na kawo shi ne don a lura da abu guda: a duk waɗannan bindigogi, abin da maharbi ke saita ido da shi manne yake da jikin bututun, an ƙera su tare, ba mai motsi sai tare da ɗan'uwansa. Ranar da aka raba su, aka mai da ido cikin gilashi, harsashi kuma cikin ƙarfe, ranar aka haifi mas'alar da muke magana a kanta, domin dole a sami na uku da zai haɗa su, ya kuma riƙe alkawarin da ke tsakaninsu.

To, a nan ne dattawanmu, Allah Ya ƙara musu daraja, suke raina abin da bai cancanci raini ba. Madubi ba ya harbi, aikinsa kawai ya nuna wa ido wuri, kuma shaidarsa ba ta inganta sai idan yana kallon inda bututu ke kallo, yau da gobe da jibi, bayan harbi goma da bayan harbi ɗari. Lissafin abin a fili yake ga duk wanda ya yi ɗan karatun hisabi. Idan tsakanin zobba biyun da ke riƙe da madubi akwai santimita 10, sai ɗaya daga cikinsu ya goce da kashi ɗaya bisa goma na milimita, wato kaurin takardar rubutu guda, to harsashi zai kauce da santimita 10 a nisan mita 100, a mita 500 kuwa kaucewar ta kai rabin mita. Ga shi kuma duk lokacin da aka taɓa kunama bindiga na ja da baya da ƙarfi ta doki kafaɗa, madubi kuwa saboda nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar ana fizgarsa gaba a cikin zobbansa, ba abin da ke hana shi zamewa sai ingancin mazaunin. Wanda ya sayi ingarman doki ya ɗaura masa sirdi da ruɓaɓɓen majayi ya san ba gudun dokin zai tsare shi daga faɗuwa ba. Haka wanda ya zuba dukiyarsa a gilashi, ya nemi mazauni da canjin da ya rage.

Saboda haka tsadar mazauni na ƙwarai tana da dalili, kuma dalilin awo ne. Ana sassaƙa shi da inji daga curi guda na ƙarfe ko na alminiyam mai tauri, don zobban biyu su zo a kan layi ɗaya tun daga masana'anta, kada su murɗe jikin madubin idan an ɗaure. Ana yi masa haƙori a ƙasa wanda zai shiga tsagar dogon da ke bayan bindiga ya tokare, kada ya ja gaba. Shi wannan dogo, wanda ake kira Picatinny da sunan wata ma'aikatar makamai da ke jihar New Jersey, sojan Amurka ne suka tsai da ma'auninsa a 1995, don maƙera su yi aiki da awo ɗaya, kuma ya ɗan bambanta da na Weaver da ya riga shi, wanda tsagoginsa suka fi ƙanƙanta, har mutum kan saya bisa rashin sani ya ga abin ya ƙi zama. Jikin madubi ma ba kauri ɗaya ba ne, akwai mai inci 1, akwai mai milimita 30, akwai mai 34, kuma zoben wannan ba ya riƙe wancan, ko da an cusa masa takarda ko robar taya kamar yadda na ga wasu na yi. Hatta ɗaurin noti yana da haddi da maƙerin ya ƙayyade, wanda idan aka gaza shi madubi ya yi rawa, idan aka ƙetare shi kuma a matse bututun gilashin har kayan cikinsa su daina juyawa yadda ya kamata. Wannan duka itƙani ne, kuma addininmu bai taɓa ƙyamar itƙani a cikin sana'a ba, bal ma ya kwaɗaitar da shi.

Amma fa, a nan zan juya ga samari, kuma maganata da su ta fi tsawo, don su ne ke fitar da kuɗin. Wace bindiga ce a hannunku, kuma a wane daji kuke harbi? Galibin abin da mafarauci mai lasisi ke riƙewa a ƙasar nan bindiga ce mai baki ɗaya, mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda amfaninta bai cika wuce mita 30 zuwa 40 ba, kuma kurmin Asante ba fili ba ne irin na dajin arewa, wuri ne da ganye ke rufe wa mutum gani tun kafin ya yi taku ashirin. Naman dajin da ake kaiwa kasuwar Atwemonom, gyazbi ne ko gada ko mazo, ba daga nisan rabin kilomita aka samo shi ba. Mazaunin da aka ƙera don bindigar nesa, mai murɗaɗɗiyar tsaga a cikin bututu, wanda har an karkata shi kaɗan da gangan don madubi ya sami sararin bin harsashi idan ya fara sunkuyawa bayan ɗaruruwan mitoci, ba shi da wani aiki a kan irin wannan bindiga face nauyi da ado. Wanda ya saye shi don a gani a hoto, alhali kuɗin makarantar 'ya'yansa na jira, ina jiye masa tsoron israfi, ina kuma jiye masa tsoron abin da ya fi israfi muni, wato riya, wadda ke shiga sana'a kamar yadda take shiga ibada.

Akwai kuma musibar jabu. Da yake suna ake bi, ba awo ba, sai kasuwa ta cika da kwaikwayo masu ɗauke da tambarin manyan masana'antu, ƙarfensu laushi, zarensu na cinyewa tun ɗaurin farko, ana sayar da su a kan kashi kaɗan na kuɗin na asali, mai saye kuwa yana murna ya yi dace. Wannan ya fi wanda bai sayi kome ba hasara, domin ya dogara ga abin da zai yaudare shi.

Wani zai ce, to ga Suame Magazine nan kusa, inda dubban masu sana'a ke tayar da matacciyar mota su mai da ita sabuwa, me zai hana a je a ƙero? Ina girmama mutanen Suame matuƙa, da yawa cikinsu 'yan'uwanmu ne na Zango, kuma hannunsu ya ciyar da garin nan shekaru masu yawa. Sai dai abu biyu ne. Na farko, walda a jikin bindiga hatsari ne, don zafin wuta na sauya taurin ƙarfen da aka yi don ya jure fashewar albarushi a dab da fuskar mutum. Na biyu, dokar Gana ba ta bar sha'anin makami a sake ba: mallaka sai da lasisin 'yan sanda wanda ake sabuntawa kowace shekara, ƙira kuwa ba ta halatta sai da izinin hukuma, kuma tun 2007 akwai hukumar ƙasa ta musamman mai lura da ƙananan makamai. Mu mutanen Zango, da ake saurin jingina mana kowane irin zargi, mu ne ya fi kamata mu tsaya a kan doka a wannan babi, don mutuncin unguwa ya fi sha'awar mutum ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi har na zauna rubuta ta shi ne haƙƙin dabbar da ake harbi. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin yanka da farauta, ya kuma ji cewa a mazhabarmu ta Malikiyya farauta don wasa kawai makaruhi ce, don buƙata kuwa halal ce, da sharaɗin ambaton sunan Allah lokacin saki, da yanka dabbar idan an riske ta da sauran rai. Malamai sun yi bayani har a kan dabbar da aka harba ta ɓace wa maharbi ta kwana a daji, kuma mashhurin zance shi ne ba a cinta. To, a duba abin da mazauni mai rawa ke haifarwa: mutum ya auna ƙirji, harsashi ya sami ciki ko cinya, dabba ta shige kurmi da rauni, ta kwana tana wahala, ta mutu inda ba mai amfana da ita, an azabtar da rai, an kuma tozarta arziki. Maharbin da ke saita ido da ƙarfen bindigarsa ya san iyakarsa, ba ya harbi sai ya matso. Madubi kuwa yana kusanto da abin da ke nesa har zuciya ta raya wa mutum cewa zai iya, kuma idan abin da ke riƙe da madubin ba amintacce ba ne, wannan ƙarfin gwiwa shi ne asalin zaluncin. Shari'ar da ta umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da abin yankansa, ba za ta yarda maharbi ya fita da saitin da bai tabbatar ba.

Don haka ra'ayina shi ne, wanda harbinsa na kusa ne ya bar madubi gaba ɗaya, ya sa kuɗinsa a harsashi mai kyau da sabunta lasisi da koyon sawu a wurin tsofaffin mafarauta tun suna raye. Wanda kuwa Allah Ya hore masa bindigar nesa ta halal, yana da hurumin amfani da ita, to ya fara da mazauni kafin gilashi, ko da hakan zai sa ya sayi madubi matsakaici. Ya auna kaurin madubinsa da irin dogon bindigarsa tukuna, ya zaɓi tsayin da zai bar kuncinsa ya kwanta a gindin bindiga ba tare da ɗaga wuya ba, ya saya a hannun wanda zai iya komawa gare shi idan abin ya ɓaci, kuma ya tuna da damshin Kumasi, mai sa tsatsa ta kama noti cikin damina guda idan ba a shafa mai ba. Mazauni mai saurin cirewa da maidawa, wanda samari ke so saboda kyan gani, ba shi da wata fa'ida ga mai bindiga ɗaya da madubi ɗaya, illa ƙarin gaɓar da za ta iya saki.

Hukumar kula da namun daji tana rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, don dabbobi su hayayyafa, ban da gyazbi ga mai takardar izini. Waɗannan watanni huɗu sun isa mutum ya nemi wurin gwaji da hukuma ta amince da shi, ya kafa takarda a nisan da ya saba harbi, ya yi wa jikin madubi alama da fensir a bakin zobe, ya yi harbi biyar ya adana takardar, sa'an nan ya dawo bayan mako guda ya sake biyar a kan sabuwa. Idan alamar fensir ta matsa, ko ramukan takarda ta biyu sun tashi daga inda na farko suka taru, kada ya shiga daji da wannan bindiga ranar 2 ga Disamba sai ya sake mazauni, kome sunan da aka buga a jikinsa.