Taswirar Sarkin Musulmi Bello: Nazari a kan Tsari da Manufa

A shekarar 1824 ne Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya kuma dawo da wata taswira daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An buga ta a Landan a 1826, cikin littafin tafiye-tafiyen Denham da Clapperton, da sunan taswirar Bello. Masu nazari da dama sun fi tunawa da ita saboda abu guda: ta nuna Kogin Kwara ya miƙe gabas har ya haɗu da Nilu na Masar. Shekara huɗu bayan bugun, wato a 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a jirgin ruwa har inda ya faɗa teku ta kudu. Daga nan aka ajiye taswirar a sahun kurakuran magabata.

Wannan hukunci ya yi gaggawa. Kafin a auna taswira, wajibi ne a tambayi aikin da aka zana ta dominsa. Taswirar Bello ba ta damu da awon ƙasa ba. Garuruwa ne ta jera a matsayin da'irori, ta haɗa su da layukan hanya, ta rubuta sunaye da taƙaitaccen bayani da Larabci. Tsarin ilmin fatake ne wannan, waɗanda ke lissafa tafiya da zango da kwanaki: daga wane gari ake shiga wane, kuma ƙasar wane sarki za a ratsa. Madugu ba ya buƙatar sanin lanƙwasar kowane rafi. Zanen ya zubar da abin da matafiyi ba zai yi amfani da shi ba, ya bar ido ya bi hanya ba tare da cikas ba, kuma a nan ne gwanintarsa take.

Abin lura shi ne, irin wannan dabara ce ta jawo wa Harry Beck yabo, sa'ad da aka fitar da taswirarsa ta jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1933. Shi ma ya yi watsi da nisan gaskiya, ya miƙar da layuka, ya bar tashoshi da mahaɗai kawai. An kira nasa fasaha, na Sakkwato kuwa aka kira shi rashin sani.

Batun kogin ma ba a buɗe yake kamar yadda ake ɗauka ba. Clapperton da kansa ya ruwaito cewa Bello ya zana masa kogin a kan rairayi, ya nuna masa cewa teku yake shiga. Ke nan akwai saɓani tsakanin zanen rairayi da na takarda. Wasu masana na ganin taswirar ta bi tsohon ra'ayin marubutan Larabawa ne, waɗanda suka daɗe suna alaƙanta kogin Bilad al-Sudan da Nilu. Wasu kuma na ganin da gangan aka karkatar da shi, domin sarkin da ke da labarin mamayar da Ingilishi suka yi wa Indiya ba zai so ya shimfiɗa musu hanyar ruwa zuwa ƙasarsa ba. In ra'ayi na biyu ya tabbata, to layin da ya fi shan suka a taswirar shi ne wanda aka fi yin tunani kafin a ja shi.