Gidan Gilashi a Bakin Kogi

Abin da ake yayi yanzu a zanen gidajen bakin kogi shi ne bangon gilashi daga ƙasa har rufi, wai don mai gida ya ji shi da ruwa da itatuwa duk abu ɗaya ne. A hoto kam abin gwanin sha'awa. Amma ni ban yarda gilashi ne ke ƙulla zumunci tsakanin gida da kogi ba.

Masu wannan salo sukan kafa hujja da Fallingwater, gidan da Frank Lloyd Wright ya zana wa iyalan Kaufmann a 1935 a jihar Pennsylvania ta Amurka. To, mene ne Wright ya yi? Masu gidan sun zaci za a gina musu shi yana fuskantar gangaren ruwan rafin Bear Run su riƙa kallo, sai ya ɗora shi a kan ruwan. Duwatsun ginin a nan wurin aka fasa su. Dutsen da ya tarar bai tumɓuke shi ba, ya bar shi ya ɓullo a falo gaban murhu, ya kuma saukar da matakala daga falon zuwa rafin. Wanda ke ciki ya fi jin ruwan da kunne fiye da ganinsa da ido. Wannan aikin wanda ya karanci wuri ne. Duk da haka barandar kankaren da ta miƙe a kan ruwa ta yi ta sunkuyawa, har sai da aka ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe a 2002.

Gidan Farnsworth na Mies van der Rohe, wanda aka kammala a 1951 a bakin kogin Fox a Illinois, shi ne kakan gidajen gilashin nan. An ɗaga shi sama da mita ɗaya da rabi a kan ginshiƙan ƙarfe saboda ambaliya. Ruwa bai ji kunya ba: ya shiga ciki a 1954, ya koma a 1996 da 2008.

Idan gwanaye irin waɗannan sun sha wuya, ina ga mai kwaikwayo daga mujalla? Da ni ce mai filin, kafin mai zane ya nuna mini taga ko ɗaya, sai ya fara zama da masuntan wurin su nuna masa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi cika. Mutanen Lakwaja da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sai an yi musu bayanin dalili ba.