Wace Hausa Na'ura Ta Koya? Sharhi a kan NLLB-200 da MAFAND-MT daga Damagaram

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba ayyuka biyu da suka fito a shekarar 2022 a fagen fassarar na'ura, wato NLLB-200 na kamfanin Meta, wanda ya haɗa harsuna 200, da MAFAND-MT na David Adelani da abokan aikinsa na ƙungiyar Masakhane, wanda ya shafi harsunan Afirka 16. Hausa tana cikin duka biyun. Kuma duka biyun an gina su a kan tsarin da Vaswani da abokansa suka gabatar a 2017, inda na'ura take koyon fassara ta hanyar lura da dangantakar kowace kalma da sauran kalmomin jimla, a cikin jimlolin da aka ɗura mata, ba tare da an koya mata nahawu ba. Bisa ga haka, abin da aka ɗura mata shi ne iyakar saninta. Tambayarmu ita ce: wace Hausa aka ɗura, kuma ina matsayin Hausar Damagaram a ciki?

2.0 Abin da ya cancanci yabo

Babban sakamakon MAFAND-MT shi ne cewa ƴan dubban jimloli da ƙwararrun mafassara suka fassara da hannu sun isa su gyara babbar na'urar da aka riga aka horar, gyara mai yawa. Wannan ya sauya lissafi ga sashe irin namu, domin dubban jimloli aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi, miliyoyi kuwa sai kamfani.

3.0 Inda muke da ja

A cikin MAFAND-MT an raba harsunan gida biyu. Bambara da Wolof da Fon da More an haɗa su da Faransanci, Hausa kuwa an haɗa ta da Ingilishi. Babu wanda zai musa cewa mafi yawan masu jin Hausa suna Nijeriya, amma wannan rabo ya ɗauki iyakar da Faransa da Ingila suka shata ya mai da ita iyakar harshe. Malamin lakkal na Zinder, da likita, da mai fassara a gaban alƙali, tsakanin Hausa da Faransanci suke aiki. A Zinder ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. NLLB-200 yana iya fassara kai tsaye daga Hausa zuwa Faransanci, gaskiya ne, sai dai ma'aunin da aka gwada shi da shi, FLORES-200, jimloli ne da aka tsamo daga shafukan Wikimedia na Ingilishi aka fassara su zuwa sauran harsuna. Wato ko Hausar da ake auna na'ura da ita, Hausar fassara ce, wadda aka ɗinka a kan ƙirar jimlar Turanci. Har ila yau, Idris Abdulmumin da abokansa sun bi wannan ma'auni a 2024, suka tarar da kurakurai masu yawa a ɓangaren Hausa har sai da suka yi masa gyara. Makin da aka riƙa bayarwa kafin gyaran, da wannan mudun aka auna shi.

Mu ɗauki misali daga kasuwar Dole. Idan mai tumatir ta ce "dala ashirin", kowane yaro a Birni ko Zango ya san faran 100 na sefa take nufi, tunda dala ɗaya faran 5 ce, jika kuma 1,000. A rubutun labarai na gidajen rediyon waje, wanda shi ne kaso mai tsoka na Hausar da ke intanet, dala kuɗin Amurka ce kusan kullum. Na'urar da ta tashi a kan wannan rubutu ba ta da dalilin zaton wata ma'ana, kuma fassarar da za ta bayar za ta fito sumul, ba alamar tangarɗa. A ganinmu wannan shi ne haɗarin da ya fi girma, domin kuskuren da ya zo cikin kyakkyawar jimla ba ya tsayar da mai karatu. Haka kalmar mushe, wadda a nan take nufin malamin makaranta (daga monsieur), a daidaitacciyar Hausa kuma dabbar da ta mutu ba yanka. A baki karin sauti ya raba su, a rubutu kuwa ba mu sa alamar kari, saboda haka abokan aikinmu na firamare suna da dalilin fargaba. Sarautun fadar Damagaram irin su Kaigama da Yacudima, waɗanda suka samo asali daga Barno, su ma baƙi ne a cikin labaran duniya.

Hanyar awon kanta tana ƙara wa matsalar nauyi. Ma'aunin BLEU na 2002 da danginsa suna ƙirga yawan kalmomi ko haruffan da suka yi daidai da fassarar da aka ajiye a matsayin amsa. Idan amsar ta ce makaranta, na'ura kuma ta ce lakkal, an rage mata maki. Ke nan duk mai neman maki mai yawa, ko bai yi niyya ba, yana tura na'urarsa ne ta bar Hausar Nijar. Ko harafin ƴ da ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tabbatar, a Nijeriya 'y ake rubutawa, kuma ga na'ura ƴaƴa da 'ya'ya abubuwa biyu ne dabam har sai ta ga isassun misalai.

Akwai kuma batun ajami. NLLB-200 ya karɓi Kanuri da rubutu biyu, na boko da na Larabci, amma Hausa da boko kaɗai. Ga ƙasar da malaman zaure suka daɗe suna rubuta Hausa da ajami tun kafin Faransawa su shigo Zinder a 1899, wannan giɓi ne babba, kuma misalin Kanuri ya nuna cewa ba gazawar fasaha ba ce.

Kayan cike giɓin Faransanci ba su yi ƙaranci kamar yadda ake zato ba. Akwai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, akwai ƙamusun shirin Soutéba na 2008 wanda aikin DiLAF ya shigar cikin kwamfuta, ga kuma littattafan makarantun gwaji na shekaru sama da 50. Idan sakamakon Adelani ya tabbata a wajen labarai, jimloli dubu biyu ko uku da aka naɗa daga bakin mutanen Zinder da Mirriya da Magariya, aka rubuta su da ƙa'idar 1999, aka fassara su kai tsaye zuwa Faransanci, za su ba mu ma'aunin da za a gwada waɗannan na'urori da shi kafin a shigar da su asibiti ko kotu.