Gurmi, Kuntigi da Ƙwarya: Sharhi a Kan Makaɗa da 'Yan Wasan da Aka Haifa Bayan Yaƙin Hitila

A Amurka da ƙasashen Turai, masana sun ware mutanen da aka haifa daga 1946 zuwa 1964 sun ba su suna na musamman, saboda yawan haihuwar da aka samu bayan sojoji sun koma gidajensu daga Yaƙin Duniya na Biyu. A sahun farko na wannan rukuni ne aka sami mawaƙa irin su Dolly Parton da Freddie Mercury, waɗanda aka haifa a 1946, da Elton John na 1947. Mu a nan ba mu da irin wannan lissafi. Iyayenmu da abin da ya auku suke ƙirga shekaru, sai ka ji an ce an haifi wane shekarar da 'yan Boma suka dawo, ko shekarar da Sarki Haruna ya hau gadon sarautar Haɗeja, wato 1950. Duk da haka, da na zauna na jera shekarun haihuwar makaɗan da muka taso muna saurare, sai na ga wani abin lura. A 1946 aka haifi Alhaji Haruna Uji a nan garin Haɗeja. A wannan shekara aka haifi Alhaji Adamu Ɗanmaraya a Bukuru, haka ma Sunny Ade a ƙasar Yarbawa. Alhaji Ƙasimu Yero ya biyo su a 1947 a Zariya, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa kuma tsararsu ce ta shekarun 1940. In ban da Sunny Ade, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

Abin da nake son in duba a wannan maƙala shi ne me ya bambanta su da na gabansu, me suka iya, ina kuma suka gaza. Dalilina kuwa shi ne, a ganina malamanmu na Hausa suna koyar da wasu daga cikinsu suna tsallake wasu, kuma wanda aka fi tsallakewa ɗan gida ne.

Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ubangida gare shi, da ƙungiyar 'yan amshi, da mazauni a ƙofar fada. Waƙarsa ta sarauta ce, kuma masu sauraronsa sun san tarihin gidan da yake wasawa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a 1923, shi ya fara nuna cewa makaɗi zai iya rayuwa ba tare da ya jingina da fada guda ba. To amma waɗannan na 1946 ba su ma tarar da wancan tsari a matsayin dole ba. Suna da shekara 16 aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Suna da 21 yaƙin basasa ya ɓarke. Suna gab da cika 30 kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kowane akawu ya sayi rediyo mai cin kaset. Ubangidansu, in gaskiya za a faɗa, shi ne direba da ɗan kasuwa da soja da matar aure a cikin ɗaki. Kayan kiɗansu ma sun nuna haka: gurmi da kuntigi abubuwa ne da mutum zai rataya ya shiga mota, ƙwarya kuwa babu gidan da babu ita.

Ina makarantar sakandare a shekarun 1970, mahaifinmu, Allah Ya gafarta masa, yana da doka a kan rediyon gidanmu. In an sako Ɗanmaraya sai ya ce a ƙara murya yara su ji. In an sako Haruna Uji sai ya miƙa hannu ya murɗa, ya ce wannan ta 'yan tasha ce. Mu kuwa da mun fita sai bakin tasha, inda masu sayar da kaset ke sakinta tun safe. Na daɗe ina tunanin wannan hukunci na tsoho, domin na lura shi ne hukuncin da littattafan makaranta suka yanke daga baya, ko da ba su faɗa da baki ba.

Bari in fara ba Ɗanmaraya haƙƙinsa. Da tsirkiya ɗaya tak, a kan kuntigin da ake haɗawa da gwangwani da fata, ya gina waƙoƙin da kowace tana da kai da gindi. Waƙar Karen Mota ta ɗauki yaron da kowa ke yi wa tsawa ta mai da shi mutum mai sana'a. A Gulma Wuya da Jawabin Aure da Auren Dole, shi kaɗai yake zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciya, har mai sauraro ya manta mutum ɗaya ne ke magana. Wannan wasan kwaikwayo ne a cikin waƙa, kuma ban san wani a tsararsa da ya kamo shi a nan ba. Shi ya sa waƙarsa ke da sauƙin koyarwa: malami zai rubuta ta a allo, ya fitar da jigo, ya fitar da darasi, a tashi. Inda nake da ja shi ne, wannan sauƙi shi ne kuma rauninsa. Da hukuma ta gane amfaninsa wajen faɗakarwa, sai wasu waƙoƙin suka koma kamar sanarwar ma'aikatar yaɗa labarai da aka sa wa kiɗa. Na yi aikin gwamnati fiye da shekara 30, na san ƙamshin takardar ofis in na ji shi. Waƙoƙinsa da za su daɗe su ne waɗanda ya bar mutanen cikinsu suka yi gardama, ba waɗanda ya tsaya ya yi wa'azi ba. Ya rasu a watan Yuni na 2015, bayan ya sami lambobin girma na ƙasa.

Haruna Uji ba ya shiga allo cikin sauƙi haka. In ka rubuta waƙar Jummai ko ta Balaraba a takarda, abin da za ka gani ɗan kaɗan ne: suna, da yabo, da bege, da maimaici. Malami zai duba ya ce babu abin nazari. Kuskuren shi ne an raba waƙar da gurminta. A wajen Uji, gurmi ba rakiya yake yi wa murya ba, zance suke yi. Yakan faɗi rabin magana ya yi shiru, tsirkiya ta ƙarasa, kuma aikin da 'yan amshi ke yi wa makaɗin fada, shi yatsunsa ke yi masa. Maimaicin da ke kama da talaucin kalmomi a takarda, a kunne ba haka yake ba, domin kowane zagaye da yadda yake lanƙwasa sunan, wani da roƙo, wani da zolaya, wani kamar mai shirin kuka. Wanda bai taɓa sauraronsa da dare a cikin motar haya, tsakanin Gumel da Malam Madori, fasinja kowa ya yi tsit ba, da wuya ya fahimci abin da nake nufi.

Akwai kuma batun ƙarfin hali. Waƙar soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, 'yan mata na yin ta a dandali tun kaka da kakanni. Amma a ce namiji baligi, ɗan garin malamai da mayaƙa irin Haɗeja, garin da Sarkinsa Muhammadu ya fuskanci Turawa ya yi shahada a 1906, ya fito a rediyo ya kama sunan mace ya ce ta hana shi sukuni, wannan ya saɓa wa kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kai. Abin da ya ɓata wa mahaifinmu rai ke nan, kuma abin da ya sa samari suka riƙe shi ke nan. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa daga 1990, ana ta cewa waƙar soyayya daga Indiya aka kwaso ta. Rawar da kiɗan fiyano, na yarda. Amma namiji mai kukan so da harshen Hausa, Uji ya riga su da shekara 20, kuma da ƙoƙo da tsirkiya ya yi, ba da na'ura ba.

Ba zan rufe ido ga gazawarsa don ɗan garinmu ne ba. A yawancin waƙoƙinsa da na saurara, macen ba ta magana. Ana yabon ta, ana begen ta, amma ba mu san me take so ba, saɓanin matan Ɗanmaraya masu baki. Sau da yawa kuma, daidai lokacin da waƙa ta kama jiki, sai ya yanke ya shiga gaishe da alhazai da direbobin da suka yi masa alheri, ɗaya bayan ɗaya, har zaren ya kufce. Na san abincinsa ke nan, makaɗi ba albashi gare shi ba. Amma mai sharhi dole ya faɗi cewa wasu kaset ɗin rabinsu jerin sunaye ne. Sannan in ana maganar zurfin Hausa, da habaici, da kirari mai tarihi a ciki, bai kai Narambaɗa ba, bai kuma yi da'awar ya kai ba. Ya rasu a 2003, yana da shekara 57.

Muryar macen da babu a wajen Uji, a wajen Barmani Choge take. Da ƙwaryar amada da ƙungiyarta ta mata ta faɗi abin da mata ke faɗa in babu maza a wurin: kishi, da haihuwa, da wautar kishiya, da kiran mata su kama sana'a. Rediyo da kaset suka fitar da wannan zance daga tsakar gida zuwa kasuwa, shi ya sa wasu suka kira ta marar kunya. Ni dai na ga iyayenmu mata, waɗanda ba sa ɗaga ido gaban suruki, suna tashi tsaye in an sako ta a gidan suna. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kanta, kuma ya kyauta. Ta rasu a 2013.

A ɓangaren wasan kwaikwayo ba zan tsawaita ba, domin talabijin ta makara kafin ta zama ruwan dare a ƙasarmu, mun fi sanin 'yan wasa ta murya. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, shi ne fitaccen wannan tsara. Ya yi Karambana, ya fito a Magana Jari Ce ta talabijin, ya kuma yi Kawu Gaga a shirin Turanci na Cock Crow at Dawn wanda duk Nijeriya ta kalla. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya girme shi da shekara 5, kuma ban dariyarsa a baki take, a gurɓatacciyar Hausar bariki. Ta Ƙasimu a fuska take da iya yin shiru. Yakan bar abokin wasa ya gama zuba, shi kuma ya ɗaga gira kawai. 'Yan wasanmu na yanzu da ke ganin sai an yi ihu ake ba da dariya, da sun nemi tsofaffin faifansa sun zauna sun kalla.

Ga wani abu da ya dame ni a matsayina na mai bin tarihin wannan yanki. Waɗannan da muka lissafa su ne waɗanda makirfo ya zaɓa. A shekarun da aka haife su, an haifi wasu makaɗan a Guri da Kirikasamma da Auyo da ƙauyukan bakin kogi, masu kiɗan masunta da gangar noma da kiɗan kokawa bayan kaka. Kiɗansu ba ya shiga ɗakin ɗaukar murya, domin sai da taro yake yiwuwa, taron kuma sai da ruwa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, malalar da ke cika fadamu ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, su ya ragu, gayya ta ja baya. Makaɗin da ba a gayyata ba ya rataye gangarsa. Saboda haka in muka ce Uji ne muryar Haɗeja a tsararsa, mu sani muna faɗin haka ne don shi aka ɗauka a faifai. Ko a gurmin ma ba shi kaɗai ba ne a Jigawa, ga Musa Gumel nan.

Wanda aka ɗauka ɗin ma bai tsira ba. Shata ya sami littafi guda mai kauri, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. Sunny Ade, sa'an Uji, kamfanin Island ya fitar da faifansa ga duniya tun 1982. Namu kuwa, abin da ke yawo a wayoyin samari da intanet kwafi ne na kwafi, wani an yanke farkonsa, wani an laƙaba masa sunan da ba nasa ba, babu shekara, babu wurin ɗauka. Na taɓa zuwa wani gidan rediyo neman tsofaffin faifansa, ma'aikacin ɗakin ajiya ya gaya mini, ba tare da wata damuwa ba, cewa a shekarun da kuɗi suka yi wuya an goge da yawa an ɗauki jawaban manya a kansu.

Roƙona ga wannan hukuma shi ne ta tura ma'aikata biyu da na'ura su bi tsofaffin masu sayar da kaset da direbobin da suka yi ritaya a Haɗeja da Malam Madori da Nguru, a kwafe abin da ke hannunsu, a rubuta abin da suka tuna game da kowace waƙa. Malamai kuma, in za ku koyar da Uji, kada ku fara da allo, ku shiga aji da waƙar a waya ku bar yara su ji gurmin tukuna. Ni kaina ina da kaset ɗinsa 14 da na tara tun ina ƙaramin akawu. Na bar su ajiya a gidan ƙanena a ƙauye, ambaliyar 2022 ta shiga ɗakin. Da muka shanya su muka gwada, 5 ne suka yi magana, kuma suna nan a wurina ga duk ma'aikacin hukumar da aka turo.