Meaco DD8L: Na'urar da Ta Kori Danshi Daga Garejina

Ban saba yi wa kayan lantarki kirari ba, amma wallahi wannan 'yar na'ura ta ci a yi mata. Duk wanda ke zaune a Ingila, yana da gareji a gefen gida, yana ajiye mota ko keke ko akwatin sufanu a ciki, to ya matso kusa.

Sanyin ƙasar nan jiƙaƙƙe ne. A gida idan hunturu ya kama, leɓe ke tsagewa, shanya ta bushe kafin azahar. A nan Manchester kuwa sanyi da ruwa tare suke zuwa, kuma gareji ne ke fara ji a jika, domin galibi bangonsa bulo layi ɗaya ne, daɓensa siminti, wani ma rufinsa kwano ne tsura. Dare ya yi, ƙarfe ya sha sanyi ya ƙoshi. Gari na wayewa sai iska mai ɗan ɗumi ta taso daga tekun Atlantika ɗauke da laima, ta taɓa ƙarfen nan, sai gumi, kamar dai kwalbar zobo da aka fito da ita daga firij. Lissafin ba wuya: iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe ruwa wajen giram 17 idan zafi ya kai digiri 20, amma a digiri 5 da ƙyar take riƙe giram 7. Sauran dole ya sauka a wani wuri, kuma a kan kayanka yake sauka.

Na ga wannan da idona. Ɗigon ruwa jere reras a ƙarƙashin kwano, suna bin layin kwarin, suna ɗiga a kan bonet ɗaya bayan ɗaya. Farantan birki sun yi ja da tsatsa. Kwalin da ka ɗaga sai gindinsa ya zube, ga warin fumfuna ya kama akwatunan tafiya.

Mutane da yawa sai su ruga su kunna hita ta gas ko ta kananzir, alhali ƙara wa Borno dawaki suke yi, don kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana fitar da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi a cikin iska. Wasu kuma su sayo na'urar tsotse laima irin mai kwamfiresa, wadda ke aiki kamar firij. A falo ba laifi. Amma da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 sai ta fara ja da baya, ƙanƙara ta kama bututunta, ta koma narkar da kanta maimakon aikin da aka saye ta dominsa.

To nan ne DD8L ta yi musu fintinkau! Ita ba kwamfiresa a cikinta sam. Wani faifai ne ke juyawa a hankali, an shafe shi da ma'adinin ziyolait mai shan laima. Fanka ta jawo iskar gareji ta ratsa faifan, ya tsotse ruwan. Can a gefe guda kuma ƙaramar hita ta gasa faifan, ruwan ya fita, ya taru ya gangara cikin tanki, faifan ya zagayo a bushe ya sake ɗiba. Haka yake ta juyawa ba gajiya. Tunda ba sanyaya komai take ba, sanyi bai dame ta ba, tana aiki har zuwa digiri 1. Kamfanin ya ce tana iya tsotse lita 8 a yini, kuma ni dai safiyar farko da na zaro tankin nan mai cin lita 2 na same shi taf da ruwa garau, sai da na tsaya ina kallo. Wai duk wannan a cikin iska yake!

Ga wata garaɓasa: iskar da take hurowa ta fi wadda ta shiga ɗumi da kamar digiri 10. Ba za ta mayar da gareji ɗakin kwana ba, amma idan ka shiga gyaran keke a watan Janairu, yatsunka ba sa ƙagewa kamar da. Kuma tana da hankali, tubarkalla. Idan laima ta sauka inda ka saita mata, sai ta kwanta, bayan minti 30 ta farka ta shinshina iska, in da aiki ta ci gaba, in babu ta koma barci. Ban yi mamaki ba da na ji cewa kamfanin Meaco, wanda aka kafa a 1991, da gidajen tarihi ya fara hulɗa, inda laima kaɗan ke iya lalata zane mai shekaru ɗaruruwa. Wanda ya saba gadin irin waɗannan kaya, sufana da filaya ba za su gagare shi ba.

Batun wuta fa? Tana ci, gaskiya. Wat 650 ne idan ta buɗe wuta, wajen 330 a ƙaramin mataki. Shi ya sa kafin ka jona ta sai ka toshe ƙofofin iska: roba a ƙasan babbar ƙofa, a liƙe tsagogin gefe. In ba haka ba, unguwar gaba ɗaya kake ƙoƙarin busarwa da kuɗinka. Ka sayi ɗan agogon auna laima, mai arha ne, ka rataye shi nesa da na'urar, ka nemi ya zauna tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari. A nan tsatsa take lafawa, fumfuna kuma ba ta samun wurin zama. Ba sai ka matsa mata ta sauko ƙasa da haka ba, asarar wuta ce kawai.

Abu ɗaya da ba za ta yi maka ba shi ne gyaran rufi mai yoyo ko daɓen da ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Gwajin mai sauƙi ne: shimfiɗa leda a daɓe, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. Idan saman ledar ne ya jiƙe, laimar iska ce, kuma DD8L za ta cinye ta. Idan ƙarƙashinta ne, to daga ƙasa ruwan yake, sai a nemi magini. Mota kuma idan ta shigo daga ruwan sama tana ɗiga, a ɗan goge ta ko a share ruwan waje, kada a bar wa baiwar Allah aikin duka.

Yanzu ko tankin ma na daina zubarwa, don tana da wurin jona tiyo, na saka shi cikin babbar jarka a kusurwa. Kada dai a fitar da tiyon waje a lokacin sanyi, ƙanƙara za ta toshe shi. Nauyinta bai kai kilo 7 ba, da hannu ɗaya nake ɗaukarta, shi ya sa uwargida ta gano ta, ranar wanki sai in tarar an shige da ita ciki tana busar da kayan makarantar yara. Ina ganin ta biyu zan sayo kafin Nuwamba.